Teburin Mai Giya

Duk unguwar ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ba-Ƙusa ake ce masa, yara su ce Baba Ba-Ƙusa, kuma shi kansa in ka kira shi da ainihin sunan sai ya waiga ya duba ko akwai wani a bayansa. Kafinta ne, shekararsa sittin da bakwai, gajere mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne, har a coci. Laƙabin ya samo asali ne daga gabar da ke tsakaninsa da ƙusa. A wurinsa ƙusa aikin rago ne. Shi sai ya fafe wannan katako, ya sassaƙa wancan, ya shafa gam, ya haɗa su su riƙe juna, sannan ya hau kai ya yi tsalle a gaban mai kaya don a gani. Kujerar da wani zai gama a kwana biyu shi sai ya yi mako a kanta. Masu gaggawa sun daɗe da daina zuwa shagonsa, shi kuwa ko a jikinsa.

Bencunan cocinsu arba'in da ɗaya duk aikin hannunsa ne. Haka mimbari, haka ƙofofi, haka akwatin da ake ajiye littattafan waƙa. Yakan ce ko an rufe masa ido, in ya shafa benci zai faɗa maka wa ke zama a kai, don kowa da irin yadda yake lotsa katako. Matarsa ta rasu da daɗewa. 'Yarsa guda, tela ce, shagonta na jikin nasa, bango ɗaya ya raba su. Ita ta gaji bakinsa, shi ya sa ba sa wuni ba su yi musu ba.

To, a bana cocin ke cika shekara sittin, kuma tun da aka sa rana unguwar ta ɗauki zafi. Mawaƙa na gwaji safe da yamma har maƙwabta sun haddace waƙoƙin ba da son ransu ba. An yi fenti, an wanke gilasan tagogi, an aika wa duk ɗan cocin da ya yi nisa cewa ya zo. Tela kuwa kekenta bai huta ba, rigunan mawaƙa talatin ta karɓa, da sabon mayafin tebur fari ƙal. Ba-Ƙusa ya fi kowa rawar ƙafa. Ya bi bencunan nan ɗaya bayan ɗaya yana goge su da samfefa, yana waƙa da muryarsa wadda, tsakani da Allah, ba ta taɓa dacewa da ta kowa ba.

Shugaban kwamitin bikin shi ne Hedimasta, tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya, dogo, mai tsafta, wanda har yanzu in ya yi gyaran murya manya kan gyara zama. Shi ya rubuta ɗan littafin tarihin cocin, shi ya sa aka sassaƙa allon dutse mai sunayen mutum biyar da suka kafa ta, na mahaifinsa a sama. Littafin ya ce a falon mahaifin nasa aka fara taruwa, cikin ƙauna da zuciya ɗaya. Ba-Ƙusa ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Shekara da shekaru ya saba da yin shiru a kan wannan magana.

Ranar Juma'a, saura kwana biyu, mota ta sauke sabon teburin Jibin Ubangiji, wanda ake ɗora gurasa da ƙoƙo a kai lokacin sujada, kyautar wani ɗan cocin da ya yi arziki. Gilashi ne a sama, ƙafafun ƙarfe masu ƙyalli. Mata suka yi ta zagaya shi suna duba fuskarsu a ciki. Hedimasta ya nuna tsohon teburin da sandarsa, ya ce, “Wannan kuma a kai wa mata bayan coci. Gobe za su yi girkin baƙi, suna kukan itace bai isa ba.”

Ba-Ƙusa ya matso kusa da teburin. Ya ce, “Ranka ya daɗe, a faskara shi kenan?”

“To me za a yi da shi? Ɗaga mayafin ka gani, fale-falen katako ne ya kumbura. Kai da kanka ka san ba abin ajiyewa ba ne.”

Ba-Ƙusa bai tsaya gardama ba. Ya fita da sauri, ya ari amalanken mai sayar da ruwa, ya dawo ya ce zai kai shago ya sassare musu shi daidai murhu. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma a cikin coci ya yi ta. Mutum huɗu suka ɗora masa teburin suna nishi, ɗaya na cewa wane irin fale-falen katako ne da nauyi haka. Ya tura abinsa yana haki, mutane na yi masa sannu, shi ko waige ba ya yi.

Tela ta leƙo da ta ji ƙarar amalanke. Ta zo ta yaye tsohon mayafin don ta ga ko zai yi tsumma, sai ta tsaya. Ta sunkuya, ta bi gefen teburin da yatsa, ta ɗago tana dariya.

“Baba, ƙusa nake gani ko idona ne? Wane rago ne ya yi wannan aika-aika?”

“Ni ne.”

Ta jira ya yi dariya, bai yi ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya ciro fensirin daga bayan kunne yana jujjuya shi. Ya ce, “Guda talatin da biyu ne. Ban taɓa buga wasu ba, kafin su ko bayansu. Zauna, 'yata, yau za ki ji abin da ban taɓa faɗa miki ba.”

Ga abin da ya faɗa mata. Mutum biyar ɗin nan ba ƙauna ce ta tara su ba, faɗa ne. A wata coci suke can ƙetaren gari, aka yi rikici a kan wanda zai riƙa ba da waƙa, har aka kai ga cin kwala, suka yi fushi suka fito. Falon mahaifin Hedimasta kuwa Lahadi ɗaya aka yi a ciki, matar gidan ta ce ba za a tattake mata tabarma ba. Suka bi gida gida suna neman ɗaki, kowa ya ce a kai kasuwa. Mutum ɗaya ce ta ce su zo, wata mai gidan giya a bakin tasha. Ta ce ranar Lahadi da safe masu shanta duk suna barci, ɗakin a banza yake, amma sha biyu na yi su tattara, don ita ma da nata jama'ar.

Shekara uku aka yi ana sujada a ɗakin nan. Kowace Lahadi takan tashi da wuri ta share, ta buɗe tagogi warin ya fita, ta wanke babban teburin da ruwan zafi. A kansa ake ɗora gurasa da ƙoƙo. Wani lokaci wa'azi ya yi tsawo, mashaya su iso su tarar ba a tashi ba, su zauna a baya suna jira, har wasu suka fara kama amshi. Manyan muryoyin mawaƙan farko duk daga nan aka samo su. Da aka gina coci, ta ce su ɗauki teburin, ya riga ya saba da su.

Tela ta tafa hannu, idonta na ƙyalli. “Kai, wannan labari ya fi na littafin daɗi sau goma. Ina matar take? 'Ya'yanta fa?”

“Ɗa ɗaya ta haifa. Ga shi a gabanki.”

Tela ta zuba masa ido. Ita dai abin da ta sani tun tana yarinya shi ne kakarta 'yar kasuwa ce, ta rasu kafin a haife ta. Ko sunanta ba ta taɓa ji ba, in ta tambaya sai ya ce Inna, ya canza magana.

Ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa. Teburin an karɓa, amma mai teburin ba a karɓe ta ba. Ta nemi a yi mata baftisma, dattawa suka ce sai ta bar sayar da giya. Ta ce in ta bari da me za ta ciyar da ɗanta, suka ce wannan kuma tsakaninta da Allah. Sai ta riƙa zuwa tana tsayawa a waje, jikin taga ta uku, tana bin waƙa daga nan. Shekara goma sha biyu tana haka. Da ta rasu ba a shigar da gawarta coci ba. Shi kuwa lokacin saurayi ne, yana son a daina nuna shi ana cewa ɗan mai giya. Da aka kawo wani sabon fasto ya ɗaga mayafi ya tambayi menene waɗannan zobban a kan teburin Ubangiji, sai Ba-Ƙusa ya ce zai gyara. Ya samo fale-falen katako ya rufe saman, cikin sauri, kamar ana korarsa. Aka yaba masa, aka ce yaro mai hankali.

“Kunya ce ta sa ni,” in ji shi. “Kunyar uwata na ji. Shekara arba'in da biyu ina karɓar Jibi a teburin nan, kuma duk lokacin da na miƙa hannu ƙusoshin nan nake tunawa.”

Tela ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta miƙe, ta ɗauko awartaki daga jikin bango, ta danƙa masa. “To tashi. Wanda ya buga shi zai cire.”

Suka kama aiki. Ƙusoshin sun yi tsatsa, kowace sai ta yi ƙara kafin ta fito, Tela na ƙirgawa da ƙarfi tana jefa su a gwangwani. Da ta talatin da biyu ta fita, suka kama fale-falen su biyu suka ɗaga. Ƙura ta tashi. Ƙarƙashinsa katako ne baƙi, mai kauri kamar tafin hannu, guda ɗaya ba haɗi, kuma duk samansa zobba ne, sawun gindin kofuna, ɗaruruwa, wani kan wani. Ga ƙunar taba a gefe, ga wani dogon sara na wuƙa a kusurwa. Ba-Ƙusa ya shafa shi da tafin hannu, sai ga shi yana dariya hawaye na zuba. Ya ce, “Dubi katako, don Allah. Wannan ne za a dafa abinci da shi?”

Tela ta ruga ta kira Fasto. Matashi ne, watansa takwas da zuwa, mai yawan karatu da saurin magana. Ya ji labarin a tsaye, yana zagaya teburin, yana taɓa zobban ɗaya ɗaya, har ya manta da garin katakon da ke ɓata masa wando.

“Baba, ka san da su wa aka fara ikilisiya, jama'ar nan tamu ta Kirista, tun can farko?” in ji shi. “Masunta, da mai karɓar haraji wanda ba mai son zama kusa da shi. Suna tafe a hanya suna gardamar wa ya fi wani girma. Babbansu ma, da abu ya yi zafi, sau uku ya ce bai san Ubangijinsa ba. Ɗakin da suka ci Jibin farko na aro ne. Ba a daɗe ba aka fara gunaguni a kan rabon abinci. Kuma ba wanda ya rufe wannan da katako, a rubuce aka bar mana shi. Wannan teburin ai wa'azi ne da kansa.”

“To sai a mayar da shi jibi, Fasto,” in ji Tela, “haka, ba mayafi. A kuma faɗi mai shi.”

Nan take zafin Fasto ya sauka. Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙofa. “E to. Sai dai Hedimasta. Kin san ni baƙo ne, kuma shi ya sa hannu aka kawo ni.”

Ba-Ƙusa ya yi murmushi, ya ce, “Kada ka damu, ɗana. Kai ma ka cika ɗan ikilisiya.”

Ranar Asabar da hantsi mata suka aiko tambayar itace, kafin azahar sai ga Hedimasta da kansa a ƙofar shago, sanda a hannu, fuska a ɗaure. Ya buɗe baki zai yi faɗa, idonsa ya faɗa kan teburin. Ya nuna shi da sanda.

“Wa ya ce ka buɗe?”

“Wanda ya rufe.”

“Rufe shi alheri ne ka yi, ga mu duka. Baƙi za su zo daga ko'ina, jikokinmu za su zauna a gaba. Kana so su ji a gidan giya aka haife mu?”

“Ni dai a can aka haife ni, ranka ya daɗe. Kai ma shekararka goma sha biyu lokacin, ba ka manta ba. Ita ke ba ka ruwa in ka gaji da zama.”

Hedimasta ya matso. Ya ɗora yatsa a kan dogon saran nan na kusurwa, ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Ba-Ƙusa ya san abin da yake tunawa, don shi ma yana wurin. Mahaifin Hedimasta ne ya yi saran, wata Lahadi da gardama ta ɓarke tsakaninsa da ɗan'uwansa a kan wanda zai karanta Littafi Mai Tsarki, ya zaro wuƙar yanka gurasa ya kafta wa tebur. Mai giya ce ta shiga tsakani, ta ce a ɗakinta ko mashaya ba sa zare wuƙa.

“Mahaifina mutumin kirki ne,” in ji Hedimasta.

“Mutumin kirki ne. Shi ya koya mini karatu. Shi ne kuma ya ce kada a shigar da gawarta. Duka biyun ya yi, kuma ni ma da na rufe ta ban fi shi ba. Ba sunan kowa nake so a goge ba, nata nake so a faɗa.”

“An riga an sassaƙa dutse. Biyar ne.”

Hedimasta ya juya ya fita, bai ce a mayar ba, bai ce a faskara ba. Tela ta ce wannan ai izini ne, Ba-Ƙusa ya ce ita kullum izini take ji. Duk da haka ya wuni yana shafa wa teburin mai, a hankali, ba tare da ya goge ko zobe ɗaya ba. Mata kuwa ya tara musu duk guntayen katakon shagonsa, har da wata kujera da ya fara bai gama ba.

Lahadi da sassafe uba da 'ya suka tura amalanke zuwa coci. Fasto ya gan su, ya kalli sama, ya kalli ƙasa, sannan ya naɗe hannun riga ya kama ƙafa ɗaya. Suka ajiye tsohon teburin a gaba, na gilashin suka matsar da shi gefe suka ɗora masa furanni.

Kafin ƙarfe tara coci ta cika maƙil, har waje an jera kujeru. Mawaƙa suka shigo cikin sababbin riguna, ganguna na tashi, tsofaffin da suka shekara ashirin ba su ga juna ba suna rungume-rungume a tsakiyar hanya. Amma duk wanda ya kai ido gaba sai ya taɓa na kusa da shi. Raɗa ta bi benci benci. Wata tsohuwa a layin farko ta sa tabarau ta leƙa, ta rufe baki da hannu, ta ce a fili, “Teburin mai giya.”

Ba-Ƙusa na zaune a bencinsa na bakwai, gumi ya jiƙa masa riga. Hedimasta ya shigo, ya ga teburin, bai kalli kowa ba, ya zauna. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka zo wurin karanta sunayen waɗanda suka kafa coci. Hedimasta ya hau mimbari da takardarsa, ya yi gyaran murya, kowa ya nutsu. Ya karanta na mahaifinsa, aka ce amin. Ya karanta na biyu, na uku, na huɗu, na biyar. Ya ninke takardar. Ba-Ƙusa ya sunkuyar da kai, ya ji Tela ta damƙe masa hannu.

Hedimasta bai sauka ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

“Littafin da ke hannunku ni na rubuta shi, kuma akwai gyara. Na yi shekara talatin ina jan kunnen yara a kan satar amsa, yau ga ni. A falonmu Lahadi ɗaya aka yi. Shekara uku a gidan giya muka yi sujada, a kan wannan tebur, kuma matar da ta ba mu ɗakin mun karɓi kayanta mun bar ta a taga. Su shida ne, ba biyar ba.”

Coci ta ɗauki guna-guni, wasu na murmushi, wasu sun haɗe rai, wani dattijo ma ya tashi ya fita. Hedimasta ya ɗaga hannu aka yi shiru.

“Jiya na zauna zan rubuta sunanta, sai na ga ban san shi ba. Na tambayi tsofaffi uku, ba wanda ya sani. Shekara sittin mai giya muke ce mata.” Ya juyo ya fuskanci benci na bakwai. “Kafinta, yaya sunan mahaifiyarka?”

Ba-Ƙusa ya miƙe. Rabon da sunan nan ya fito daga bakinsa tun ranar da aka binne ta. Ya faɗe shi a hankali, Tela kaɗai ta ji. Ta maimaita shi a ranta, leɓenta na motsi.

“Ba mu ji ba,” in ji Hedimasta. “Ɗaga murya, na waje ma su ji.”

Sai Ba-Ƙusa ya ja numfashi ya faɗa da ƙarfi, sunanta da na mahaifinta, ya ƙara da cewa, “Uwata ce.” Hedimasta ya laluba aljihu bai sami abin rubutu ba. Ya tsaya a mimbari yana maimaita sunan don kada ya manta, jama'a na maimaitawa tare da shi.